Abin Da Ke Hana Dankalin Turawa Yin 'Ya'ya In Zafi Ya Shigo

Manoman rani na ƙasar Bakori, tsakanin Funtua da Malumfashi, sun san wannan abu. Wanda ya shuka dankalin Turawa da farkon ɗari, wajen watan Nuwamba, yakan haƙi mai yawa. Wanda ya makara har zafin Maris ya riske shi, sai ya ga ganye kore shar, amma a ƙasa sai 'yan ƙanana. Kuɗin iri da na taki da na man inji duk sun tafi.

Masana sun binciki dalilin haka a cikin kwalba. Sukan yanki ɗan tohon dankali, su sa shi a kwalba mai tsabta, su ba shi abinci da sukari. In sukarin giram 30 ne a lita ɗaya ta ruwa, tsiron yakan yi ta reshe da ganye. In aka ƙara ya kai giram 80, aka ajiye kwalbar a duhu da sanyi, sai ya fitar da ɗan dankali kamar ƙwayar wake. Ba ƙasa, ba fartanya!

Ga abin da ke faruwa. Kowane tsiro yana da ƙwayoyin gado a jikinsa. Su ne ke ba shi umurni. Wasu na aiki, wasu na barci sai an tashe su. Sukari mai yawa yana tayar da waɗanda ke sa tsiro ya tara gari, sai kan reshe ya kumbura. Dama dankalin Turawa ba saiwa ba ne, reshe ne da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa.

A shekarar 2011 masana a ƙasar Sifen suka gano wata ƙwayar gado da ake kira SP6A. Tana aiki a ganye, tana aika saƙo ƙasa cewa lokacin yin 'ya'ya ya yi. A 2019 wasu masana a Jamus suka nuna cewa zafi yana danne ta. Saƙon ba ya isa ƙasa sosai, sai abincin ya ƙare a ganye. Takin yuriya in ya yi yawa, shi ma yana jinkirta yin 'ya'ya.

Kwalbar tana da wani amfani kuma. Irin da manomi ke ajiyewa shekara da shekaru yakan tara cutar bairos, amfani ya yi ta raguwa. In aka raini tsiro daga kan toho a kwalba, ana iya samun iri marar cutar. A Kuru, kusa da Jos, akwai tashar gwamnatin tarayya mai binciken dankalin Turawa. Mai neman iri mai lafiya sai ya tuntuɓi malamin gona tun kafin kaka, don iri ya iso hannu kafin ɗari ya kama.