Kafin Ka Miƙa wa Yaro Wayarka da Sunan Karatu

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Madalla da ƙarfe shida na safe zai ga yadda Suleja ke kwarara zuwa Abuja. Ma'aikatan ofis, 'yan kasuwa, magina, direbobi, kowa na sauri ya wuce Zuba kafin hanya ta cushe. A aljihun yawancinsu akwai babbar waya, kuma a gidaje da dama ita ke nan guda ɗaya tilo. Ba za ta dawo gida ba sai bayan isha'i, cajinta ya kusa ƙarewa, mai ita kuma ya gaji tiɓis. Na kawo wannan ne domin duk sanda aka rufe makarantu sai ka ji ana cewa, “Ai yara su ci gaba da karatu ta intanet, kyauta ne.” Maganar ba ƙarya ba ce, akwai darussa na kyauta, wasunsu ma masu kyau ƙwarai. Sai dai mai faɗin hakan yakan manta inda wayar take wuni, da wanda zai sa mata data, da wanda zai zauna da yaron.

Mu a Jihar Neja zaman yara a gida ba baƙon abu ba ne. A Maris ɗin 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan na tsawon watanni. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin kimiyya ta Kagara, a watan Mayu kuma aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina. A Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai da malamai a makarantar Papiri da ke ƙaramar hukumar Agwara, Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufe makarantu a faɗin jihar. Tsakanin Agwara da Suleja tafiya ce mai nisa, amma umarnin bai ware kowa ba. Ga kuma dogon hutu na kowace shekara, wanda yaro kan koma aji bayansa ya manta rabin abin da ya koya. Saboda haka sanin inda za a samu darasi a gida ya zama kamar sanin inda rijiyar unguwa take kafin famfo ya ɗauke.

Wanda ya fi dacewa iyaye su fara sani shi ne Nigeria Learning Passport. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ta ƙaddamar da shi a Maris ɗin 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne an tsara darussansa bisa manhajar karatun makarantun Najeriya, daga firamare har sakandare, kuma akwai darussa da Hausa, Yarabanci da Ibo ban da Turanci. Ana iya buɗe shi ta shafin intanet, ana iya sauke manhajarsa a waya, a yi wa yaro rajista, a zaɓi ajinsa. Ba a biyan ko sisi. Kamfanin Airtel ya ƙulla yarjejeniya da UNICEF a 2021, kuma a ƙarƙashinta aka sanar da cewa masu layinsa za su shiga wannan dandali ba tare da an ci musu data ba. Shawarata ita ce ka gwada da kanka: danna *323# ka ga datar da ta rage maka, a yi darasi ɗaya, ka sake dubawa. Wani lokaci ba darasin ne ke shanye datar ba, sauran manhajojin da ke cikin wayar ne ke zuƙa a ɓoye da zarar an kunna.

Ga yara ƙanana kuwa, ni na fi damuwa da littattafan labari fiye da bidiyo. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Ba sai an kawo mana rahoto daga waje ba, duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan aji biyar takarda ya ce karanta mini ya san zancen. Yaron da bai iya karatu ba, ko ka tara masa darussan duniya a waya, hotuna kawai zai riƙa kallo. A nan ne African Storybook ke da amfani. Wata cibiya ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa shi, ya ƙunshi dubban littattafan yara masu hotuna a harsunan Afirka, har da Hausa, an kuma jera su daki-daki, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai dogon labari. Haka ma StoryWeaver, na kamfanin Pratham Books da ke Indiya, yana da littattafai da Hausa. Dukansu sun yarda a sauke, a buga a takarda, a raba wa yara.

Wannan izinin bugawa shi ne babban abin da ya kamata mutanen Suleja su kama da hannu biyu. Mai gida zai iya sauke littafi a wurin aiki ko da dare lokacin da data ke araha, ya biya ta shagon masu kwamfuta a kasuwar Babangida ko kan titin Maroko a buga masa, ko da baƙi da fari ne, a ɗinke da zare ko a danne da ƙusar takarda. Littafin nan zai wuni a gida lokacin da wayar take Abuja. Ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ya tallar komai, kuma idan wa ya gama ƙane zai gada. Wasu iyaye kan raina littafin Hausa, su ce ai Turanci suke so yaro ya iya. Ina ganin kuskure ne. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi, ya fahimci cewa rubutu magana ce, zai fi saurin kama karatun Turanci fiye da wanda aka sa shi haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Kuma Suleja gari ne na taron dangi, akwai Gbagyi, Koro, Nupe, Yarabawa da Ibo, amma Hausa ce yaran ke wasa da ita a layi.

Ga 'yan sakandare akwai Khan Academy, wadda wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya kafa a 2008. Kyauta ce, babu talla, kuma a fannin lissafi da kimiyya da wuya ka sami kamarta. Aibinta a wurinmu shi ne Turancin Amurka ne, misalan kuma da dala da mil ake ba su, jerin darussan ma ba daidai yake da namu ba. Yaron da Turancinsa bai yi ƙwari ba zai sha wuya, sai dai a nemo masa takamaiman batun da ya gagare shi a aji, ya kalla, ya maimaita. Mai shirin jarrabawar fita kuwa ya sani cewa hukumar WAEC tana da shafin koyo na kyauta, inda take ajiye tsofaffin tambayoyi da bayanin manyan masu duba takardu kan inda ɗalibai suka fi yin kuskure a kowace shekara. Ɗalibai da yawa ba su ma san da shi ba, alhali ya fi yawancin ƙasidun da ake sayar musu a bakin makaranta. Jarrabawar JAMB kuma tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, don haka yaron da bai saba da komai ba sai shafa gilashin waya yana buƙatar ya zauna gaban kwamfuta ta gaske sau biyu ko uku kafin ranar.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kalmar “kyauta” ita ce ƙugiyar da 'yan damfara suka fi kama mutane da ita. Saƙo zai shigo zauren WhatsApp na iyayen yara ko na unguwa, wai gwamnati na raba kwamfuta ga ɗalibai, ko data kyauta, ko tallafin karatu, danna nan, ka tura wa mutum goma. Idan ka danna sai a nemi sunanka, lambar NIN, lambar BVN, daga ƙarshe a ce ka turo lambobin da suka shigo maka ta saƙo. Waɗannan lambobin mabuɗin asusunka ne, ko na WhatsApp ɗinka. Babu dandalin karatun yara na gaskiya da zai nemi BVN ko lambar katin cirar kuɗi. Sau da yawa ma ba uban ne ke dannawa ba, yaron da aka bar wa wayar ne, shi kuma bai san komai ba sai dai ya ga an rubuta kyauta. Wayar da ke ɗauke da manhajar banki, a sa wa manhajar lambar sirri dabam, kada kuma yaro ya santa.

Akwai wata ɓarnar da ba ta da ƙara. Na taɓa sa kati da yamma, da safe na tarar an yashe shi, ban kira kowa ba. Da na bincika sai na gano ɗana ne ya taɓa wata talla a cikin wasan koyon haruffa, aka yi wa layin rajistar wani abu da ake cirar kuɗinsa kullum. Idan haka ta same ka, danna *305# ka ga abin da aka maƙala wa layinka ka soke shi. Tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. Idan ka kai kuka ga kamfanin layin ba a share maka hawaye ba, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a 622, kuma kiran kyauta ne. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ba wanda ke da datar zubarwa.

Sai masu sayar da satar amsa. Da zarar jarrabawa ta ƙarato za su buɗe zauruka a WhatsApp da Telegram, wasu ma da sunan darasi kyauta, sannan a hankali a ce wa yaro ya turo kuɗi a ba shi amsoshin WAEC ko NECO tun daren jarrabawa. Ko dai su cinye kuɗin su ɓace, ko su tura amsar bogi, ko yaro ya shiga da ita a kama shi a riƙe sakamakonsa. Hedikwatar NECO ɗin ma tana nan Minna, a jiharmu, abin kunya ne a ce 'ya'yanmu ne kasuwar waɗannan mutane. Kusa da wannan akwai sabon abu: ƙirƙirarriyar basira irin Meta AI da ke cikin WhatsApp, da ChatGPT. Yaro zai kwafe aikin gida ya tura, a ba shi amsa cikin daƙiƙa, ya juye a littafi, malami ya ba shi maki, kansa kuwa fayau. Idan ka ga aikin gida ya yi kyau fiye da kima, ka rufe littafin ka ce ya bayyana maka da bakinsa.

YouTube kuwa kasuwa ce, akwai malamai nagari a ciki, akwai kuma komai da komai. Bidiyon darasi na ƙarewa wani zai hau da kansa, kafin uwa ta sauke tukunya yaro ya bar lissafi yana kallon rawa ko tallar caca. A kashe wannan hawa-da-kai, a rage ƙarfin hoton domin data ta yi auki, ga ƙanana kuma a sa musu YouTube Kids. Manhajar Family Link ta Google tana ba uba damar ƙayyade lokaci da abin da za a iya saukewa. TikTok da kansa ya ce sai ɗan shekara 13, amma leƙa kowane layi ka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri gaban waya ko talabijin sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Dabarar da ta fi duk waɗannan sauƙi ita ce a sauke darasin tukuna, a kashe data, a sa wayar a yanayin jirgin sama, sannan a miƙa. Babu talla, babu saƙon baƙo, babu kiran da zai katse. A haɗa masa da littafin rubutu da fensir. Mu da muka yi makarantar allo mun san tsarin: a rubuta, a biya, a maimaita, a kawo hadda, sannan a wanke. Ba a taɓa cewa almajiri ya iya don ya kalli allo ba. Haka darasin waya yake, minti ashirin ko talatin na kallo, sannan a ajiye wayar a rubuta abin da aka gane.

Uwa za ta ce, “Ni da ban yi boko ba, me zan duba?” Ba sai kin iya lissafin ba, Hajiya. Ki ce, “Zo ka biya mini abin da malamin ya ce.” Yaron da ya fahimta zai mayar miki da Hausa tiryan-tiryan, wanda bai fahimta ba zai fara kame-kame, ke kuma kin fi kowa sanin fuskar ɗanki idan yana kame-kame. Yayye ma su shigo ciki, 'yar aji uku a sakandare za ta iya zaunar da ƙannenta biyu ta karanta musu littafi ɗaya bayan la'asar kafin a tafi Islamiyya, ita ma nata karatun na ƙara zama.

A gidajen haya irin na Kwamba, Gauraka da Maje, inda iyalai biyar ko shida ke tsakar gida ɗaya, ba dole kowa ya sayi data ba. Mutum ɗaya ya sauke littattafai da bidiyo, ya tura wa sauran ta Xender ko Bluetooth, yadda dai ake tura finafinan Kannywood da wa'azi. A yi karo-karo a buga littattafai goma, a sa su a leda saboda damina, a ajiye a ɗakin wadda ta fi zama a gida, yaro ya karɓi ɗaya, sai ya dawo da shi a ba shi wani.