Tabar Wiwi da Mai Juna Biyu: Abin da Ƙidayar Gwamnati Ta Nuna

A shekarar 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta gudanar da bincike gida-gida a jihohi 36 da Abuja. An gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Jihar Kano, mutum 16 cikin 100 abin ya shafa. Galibi ana fara shan wiwi ne wajen shekara 19. Haka kuma, cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye, ɗaya mace ce.

Me ya haɗa wannan da mai ciki?

Waɗannan alƙaluma na nuna cewa wiwi ta shigo cikin gidaje. A unguwannin ma'aikata da ke kewaye da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, wasu matasa da magidanta kan sha da zaton tana ƙara ƙarfin aiki, sannan su dawo ɗakin da mai ciki take kwana.

Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, wato THC, yana bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Uwar da ke sha tana iya haifar jariri mara nauyi ko bakwaini. Bayan haihuwa ma, sinadarin yana shiga ruwan nono ya yi kwanaki a ciki. Hayaƙin da wani ya busa a ɗaki shi ma yana shiga jinin wanda ya shaƙa.

Abin da ya kamata a yi

1. Kada a sha wiwi don maganin laulayi ko rashin barci. Akwai magungunan da likita zai bayar.
2. Maigida ko ƙani mai sha kada ya busa a ɗaki ko kusa da jariri, kuma ya nemi taimako a sashen masu tabin hankali da shaye-shaye.
3. Idan kin zo awo aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya. Ba hukunci muke yi ba, sirrinki kuma amana ce a wurinmu. Da amsarki ne za mu san irin kulawar da za mu ba ki da abin da ke cikinki.

Allah Ya sauke ku lafiya.