Duwatsun Birnin Kudu: Tsakanin Dokar Hukuma Da Girmamawar Jama'a

Mutumin da ya taso daga Gantsa, hedkwatar ƙaramar hukumar Buji, ya nufi Birnin Kudu, zai ratsa ta ƙasa mai yawan duwatsu. A cikinsu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, watau gwamnatin tarayya ce ke da alhakin kiyaye su.

A jikin kogunan duwatsun nan akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi. Abin mamaki shi ne shanun ba su da tozo, alhali kuwa waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yanzu masu tozo ne. Akwai kuma wasu faffaɗan duwatsu da ke amo kamar kuge idan an buga su da ƙaramin dutse. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya bayyana wa duniya labarinsu a 1956.

Amma tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin sun san darajar duwatsunsu. Masu bincike na wancan zamani sun rubuta cewa a Dutsen Murufu akan kai amarya ta yini a cikin kogon kafin a kai ta ɗakin miji. Wurin da ke da irin wannan matsayi ba ya bukatar mai gadi, don kuwa ba yaron da zai yi gangancin ɓata shi.

Dokar kayan tarihi ta 1953, da ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, sun haramta rushe irin waɗannan wurare ko taɓa su ba da izini ba. Sai dai doka ba ta shiga sha'anin ibada. A wurinta, dutse da masallaci da kabari duk kayan tarihi ne, ta bar wa jama'a zancen girmamawa.

Inda girmamawar ke da rai, aikin hukuma kan yi sauƙi. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ragowar tsohon masallaci ce, kuma Katsinawa na alfahari da ita. Haka kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda aka kashe a 1966. Gwamnati ta yi masa gini da ɗakin ajiye kayansa, amma baƙo yakan sassauta murya idan ya isa gaban kabarin, Musulmi kuwa yakan yi wa marigayin addu'a.

Matsalar duwatsun Birnin Kudu ta bambanta. Yayin da ilmin addini ya yaɗu, al'adun da ake yi a kogunan sun ja baya, wasu ma na yi musu kallon ragowar maguzanci. Idan tsohuwar girmamawa ta tafi, wata kuma ba ta maye gurbinta ba, sai a bar wurin a hannun masu fasa dutse da masu rubuta sunayensu da gawayi. Zanen da ya goge kuwa ba shi da madadi.

Kiyaye zanen ba bauta wa dutse ba ne, riƙon amana ne na shaidar mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan. Ya kamata ma'aikatan ilmi na Jihar Jigawa su riƙa kai ɗalibai ziyara, Masarautar Dutse kuma ta sa hakimai da dagatai su sa ido, limamai su fahimtar da jama'a bambancin tarihi da tsafi. Allon gargaɗi na hukuma ba zai tsare dutsen da maƙwabtansa suka raina ba.