Daga Gadar Rotadam zuwa Sansanin Westerbork: Fim a Ƙasar Holan, 1927 zuwa 1944

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda dabarar ɗaukar fim da aka ƙago domin gwaji a ƙasar Holan ta koma shaida a lokacin yaƙi.

A shekarar 1927 waɗansu samari masana, cikinsu har da marubuci Menno ter Braak da Joris Ivens, suka kafa ƙungiyar Filmliga a birnin Amsadam. Kukansu shi ne finafinan kasuwa sun mai da silima wurin tatsuniyar soyayya kawai. A 1928 Ivens ya fito da De Brug, wato Gada. Babu jarumi, babu magana. Gadar ƙarfe ce ta jirgin ƙasa a Rotadam, ana ɗaga tsakiyarta jiragen ruwa su wuce, a sauke ta jirgin ƙasa ya bi. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne yadda aka yanka hotunan aka jera su. A 1929 shi da Mannus Franken suka yi wa ruwan sama haka a fim ɗin Regen.

Jamus ta mamaye Holan a watan Mayu 1940, kuma a kwanakin nan ter Braak ya kashe kansa. Daga 1941 aka kafa hukumar Kultuurkamer, wadda duk mai sana'ar fim sai ya shiga, Yahudawa kuwa an haramta musu.

To, a ganinmu fim mafi nauyi na wannan zamani ba a ɗakin shirya fim aka yi shi ba. A 1944 kwamandan sansanin Westerbork, Albert Gemmeker, ya sa wani fursuna Bayahude mai ɗaukar hoto, Rudolf Breslauer, ya ɗauki rayuwar sansanin. Ran 19 ga Mayu Breslauer ya ɗauki jirgin ƙasa ana loda masa mutane. Nan ma ba magana, sai taragu da ƙofofi. Amma cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ga fuskar wata yarinya da ɗankwali tana leƙowa ta ƙofar tarago. Shekara hamsin ana ɗaukarta Bayahudiya ce, sai a 1994 ɗan jarida Aad Wagenaar ya gano sunanta Settela Steinbach, 'yar kabilar Sinti, mai shekara 9. A Auschwitz aka kashe ta. Shi kansa Breslauer an kai shi can a ƙarshen 1944, bai dawo ba.