Kasuwar Kifi ta Sawakin

Tun ina yaro nake jin sunan Sawakin a bakin kakana, Allah ya jiƙansa, wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano da niyyar sauke farali, ya yi shekaru yana ƙwadagon auduga a Jazira ta ƙasar Sudan kafin guzurinsa ya kai shi gaɓar Bahar Maliya. Saboda haka ran da Allah ya ƙaddara na tsaya a bakin wannan ruwa, na ga benayen dutsen murjani sun zube sun zama kufai, sai na ji kamar ta'aziyya na zo yi. Tun da Turawan Ingila suka soma gina Bur Sudan a 1905, domin mashigar Sawakin ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, attajirai suka kwashe dukiyarsu suka yi arewa, suka bar garin ga masunta. Turkawa sun gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya don masu ziyara, wannan kuwa alheri ne, amma masu kiwon tarihin tekun na haƙiƙa suna can bakin gaɓa, hukuma ba ta waiwayarsu sai ranar karɓar haraji.

A cikinsu na tarar da wani dattijo, gishiri ya tsattsage masa tafin hannu, ya jera kifin da suke kira najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, idonsa garau. Na taya, ya ce "yiftah Allah", wato albarka. Na ƙara, ya girgiza kai, ya shiga lissafa mini tsadar ƙanƙara da man inji da zaluncin dillalan da ke saye da rahusa su kai birni, har na ji kunyar tayin da na yi.

Da ya ji lafazina sai ya ce, "Ɗana, Takari ne kai?" Na ce, "Jikansu ne, Baba." Nan take ya ajiye wuƙa, ya nuna mini wani tsohon jirgin ruwa, sambuk, da ke kwance a rairayi, haƙarƙarinsa a waje, ya ce irinsa mahaifinsa ya riƙa ƙetarar da mutanenmu zuwa Hijaz, babu inji, sai filafili da taurari da tawakkali. Bai rage mini ko sisi ba, amma ya kankare kifin da kansa, ya ɗora mini wani ƙarami gyara, ya ce in yi wa mahaifinsa fatiha tare da kakana.