Aikin gayya a ƙasar Ƙanƙara da darasinsa ga wuraren aiki

Duk wanda ya tashi a Yargoje ko ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san yadda ake kiran gayya. Damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ƙarfin magidanci da 'ya'yansa, sai ya sayi goro ya aika wa maƙwabta da surukai da abokai, ya sanar da sarkin noma, a tsayar da rana. Tun da asuba mata sun ɗora tukwane. Hantsi na dubawa, samari sun jera a bakin gona, kowa da kunyarsa, makaɗi yana bin su da gangar noma yana kiran sunan wanda ya wuce gaba yana zolayar wanda ya maƙale a baya. Gonar da za ta ci mako guda sai a tashe ta kafin la'asar. Ba a biyan kowa ko kwabo. Ladan shi ne fura da tuwo, da kuma alkawarin da ba a rubuta ba, cewa ranar da aka kira taka gayyar mai wannan gona zai zo da fartanyarsa.

A yau ma'aikatu da kamfanoni suna kashe kuɗi don neman abin da manoma suke samu a yini ɗaya. Ana kwasar ma'aikata zuwa otal a Katsina ko Kaduna, a ɗauko masani ya yi lacca a kan haɗin kai, a yi wasanni, a raba alawus. Niyyar tana da kyau, domin ofishin da mutanensa ba su san juna ba ko takarda ba ta tafiya a cikinsa. Sai dai sau da yawa ana dawowa kamar yadda aka tafi. Shugabanni sun ci abinci a tebur na musamman, direba da masinja sun jira a mota, babu wani aiki da aka gama tare wanda za a waiwaya a ce mu muka yi.

Tarihin Manzon Allah (SAW) ya nuna wata hanya dabam. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin Ahzab suka nufo Madina, Salmanul Farisi (RA) ya ba da shawarar a haƙa ganuwa. Malaman sira sun ambata cewa an raba aikin, kowane mutum goma aka ba su kamu arba'in. Annabi (SAW) bai tsaya a inuwa yana ba da umarni ba. Bara'u ɗan Azib (RA) ya gan shi yana kwasar ƙasa har ƙura ta rufe cikinsa. Da Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya lura da yunwar da ke tare da shi, ya yanka 'yar akuya, matarsa ta niƙa sa'i ɗaya na sha'ir, ya raɗa masa cewa ya zo da mutum kaɗan. Sai Annabi (SAW) ya ɗaga murya ya gayyaci duk masu haƙa. Muna yawan kawo wannan ƙissa don mu'ujizar albarkar abincin, kuma haka ne, amma akwai abin lura kafin mu'ujizar: shugaban ya ƙi cin abinci a ɓoye alhali mutanensa suna jin yunwa.

Akwai ma wadda ta fi kama da gayyarmu. Ubangidan Salman ya yanka masa fansar kai: dabino 300 da zai dasa su kama, da uƙiya 40 ta zinariya. Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wani ya kawo dashe talatin, wani ashirin, wani goma, gwargwadon hali, suka taya shi haƙa ramuka, Annabi (SAW) ya dasa da hannunsa. Imam Ahmad ya ruwaito labarin a Musnad. Bawa ne, baƙo daga Farisa, ba shi da dangi a garin, amma aikin rana kaɗan ya mayar da shi ɗan gida.

Abin baƙin ciki, gayya tana ja da baya a ƙasar da ta fi bukatarta. Wani ɓangare na dalilin sauyin zamani ne: maganin feshi ya rage noman hannu, ƙwadago ya maye gurbin taimako, samari sun tafi cirani. Babban dalilin kuwa tsoro ne. Tun kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020, gonakin da ke nesa da gari sun fara zama wuraren da ake shiga da fargaba. A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka auka wa Yargoje kanta, aka rasa rayuka masu yawa. Wa zai tara samari hamsin da ganga a bakin daji? Mafi muni shi ne zargi. Tunda aka gane cewa akwai masu kai wa ɓarayi labari daga cikin gari, maƙwabci ya fara auna maganarsa gaban maƙwabci. Wannan ciwo ya shiga makarantu da asibitocin karkara da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, inda ma'aikacin da aka turo daga wani gari yake zuwa ya sa hannu ya koma, bai san sunan mai gadi ba.

Lacca ba ta warkar da irin wannan. Ana sanin mutum ne idan an yi gumi tare da shi. A kunya ake gane mai haƙuri da mai ha'inci, da wanda zai juyo ya tari abokinsa idan ya gama tasa. Makarantar firamare da ruwa ya rushe katangarta, ɗakin shan magani da ciyawa ta rufe, magudanar kasuwa da ta toshe, duk aikin yini ɗaya ne ga ma'aikatan wurin idan shugaban makaranta ko jami'in lafiya ya fara ɗaukar shebur. A cikin gari ake yinsu, ba sai an kusanci daji ba. A tsaya a yi azahar cikin sahu ɗaya, a ci abinci a kwano ɗaya. Abu Dawud ya ruwaito cewa da wasu sahabbai suka koka suna ci ba sa ƙoshi, Annabi (SAW) ya danganta hakan ga cin da suke yi a rarrabe, ya umarce su su taru su ambaci sunan Allah.

Sai dai a yi hattara, domin gayya tana da mummunar 'yar'uwa. A zamanin En'e talakawa sun sha noma gandun masu sarauta da sunan taimako, kuma aikin tilas yana cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka a kansu bayan kafuwarta a Kano a 1950. Shugaban ofis da ya kwashi ƙananan ma'aikata zuwa gonarsa ranar Asabar, ko malamin da ya tura ɗalibai su cire masa masara, ba gayya ya kira ba, domin waɗanda suka zo ba su da ikon ƙin zuwa, shi kuma ba zai taɓa zuwa tasu gonar ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri, ita ce kuma ta hana ta a kan zalunci. Haka nan yanke wa ma'aikata albashi ba da yardarsu ba don shirya walima, ko tsara wasannin da za su cakuɗa maza da mata ta hanyar da shari'a ba ta yarda ba. A gayyar gargajiya mata suna da nasu fagen, wajen girki da sussuka da daɓen ɗaki, kuma ba a raina rabonsu.

Dattawan da suka yi zamanin ganga ba su da littafin rajista, amma kowa ya san gonar wa ke biye. Idan mai unguwa ya ci gayya a wannan mako, mako mai zuwa ana iya ganinsa a gonar gwauruwar da ke ƙarshen gari, ya naɗe riga, yana jiran a nuna masa kunyarsa.