Jirgin faiba ba ya ruɓewa, amma yana tsufa: Yadda mai shi zai sabunta gangar jikinsa da kansa

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Kogin Neja, magana ɗaya ce ke biyo bayan ta'aziyya: a daina amfani da jiragen katako, a koma na faiba. An ji ta bayan haɗarin Warrah a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, an sake jin ta bayan na Patigi a Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu, haka kuma bayan na Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa a watan Oktoban 2024. Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka kafa a 2023, da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, duk sun sha nanata wannan kira. Gwamnatocin jihohi da hukumomi da 'yan majalisa sun rarraba jiragen faiba a garuruwan bakin ruwa.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne makomar jirgin bayan an yanke ƙyalle an watse. Mai jirgin katako ya gaji sanin yadda ake toshe ɓaraka tun daga kakanni, kuma akwai masassaƙi a garinsu. Jirgin faiba kuwa baƙo ne. Idan launinsa ya koɗe ko gindinsa ya tsage, sau da yawa akan ja shi gaɓa a kife, rana ta ci gaba da cin sa. Alhali mafi yawan abin da ke damun gangar jikin irin wannan jirgi, mutum mai haƙuri da kayan aiki kaɗan zai iya magance shi a ƙarƙashin rumfa.

Batun ya shafi ma'aikacin da ya fito daga Yawuri ko Lokoja ko Ibi, yake tunanin abin da zai riƙe idan ya cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Ya shafi hadimin da aka ɗora wa sa ido a kan jiragen da maigidansa ya raba a mazaɓa. A ƙasar da ke da hanyoyin ruwa na cikin gida kimanin kilomita 10,000, tsohon jirgin da aka farfaɗo da shi jari ne, kuma rayuka ne za su hau shi.

Da me aka yi shi?

Faiba haɗi ne na abu biyu: zaren gilashi mai laushi kamar auduga, da wani ruwan ƙaro na masana'anta da ake kira rezin, wanda ke daskarewa ya riƙe zaren. An fara ƙera jirage da shi a Amurka a farkon shekarun 1940. Zaren ne ke ba da ƙarfi, rezin kuma ke ba da siffa. A saman su akwai fata mai launi da santsi, wato jelkot, wadda kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Wannan siririyar fata ce ke tare rana da ruwa, ita ce kuma ke fara gajiya.

Zafin rana yana cinye samanta har ta zama gari. In ka shafa hannu sai ka ga fari kamar alli. Karo da dutse ko kututture yana barin tsaga masu kama da saƙar gizo-gizo. Jan jirgi a kan yashi kullum yana goge gindinsa har zaren ya bayyana. Idan kuma jirgi ya daɗe a cikin ruwa, danshi kan ratsa fatar sannu a hankali, ya haɗu da ragowar sinadaran da ke ciki, ya tayar da bororo. In aka huda shi, wani ruwa mai tsami da warin ruwan khal ne ke fitowa, kuma yana da illa ga ido.

Bincike kafin sayen ko da gwangwani ɗaya

Aikin farko bincike ne. A fitar da jirgin, a cire inji da tankin mai, a kife shi a kan katakai ko tsofaffin tayoyi yadda nauyinsa zai bazu, a wanke shi tas da garin sabulu. Sannan a bi jikinsa taki-taki ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma ta roba ko bakin tsabar kuɗi. Wuri mai lafiya yana ba da amo mai kaifi. Inda amon ya mutu, alama ce cewa shimfiɗun zaren sun rabu ko ruwa ya shiga. A zagaye wurin da alli.

Wurare biyu ne ke yanke hukuncin ko jirgin ya cancanci wahala. Na farko bangon baya, inda ake ɗaura inji. A jirage da yawa akwai falankin katako a tsakiyarsa, kuma ruwa kan bi ramukan kusoshi ya ruɓar da shi ba tare da an gani daga waje ba. Idan bangon yana lanƙwasa in an danna shi da ƙarfi, ko ruwa mai launin ƙasa yana tsatsowa daga ramukan, wannan ya wuce aikin fenti. Na biyu ɗakunan iska ko kumfar robar da ke ƙarƙashin kujeru da daɓe. Faiba ya fi ruwa nauyi. Jirgin da ya cika da ruwa nutsewa zai yi, sai dai idan waɗannan ɗakuna sun riƙe shi. Kumfar da ta sha ruwa ta zama kaya, dole a fitar da ita a sa sabuwa.

Wanda zai sayi jirgin da asalinsa na gwamnati ne ya tabbata ta hanyar gwanjon da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanada ya fito, da takardunsa a hannu, tun kafin ya kashe ko sisi a kansa.

Idan fata ce kawai ta koɗe

A jiƙa wani sashe na jikin da ruwa. In launin ya dawo yana sheƙi muddin yana jiƙe, fatar na da sauran rai, kuma ba a bukatar fenti. Sai a bi ta da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, daga lamba 800 zuwa 1200 ko sama, a goge da man gurza irin na masu fentin mota, a rufe da kakin sheƙi. Hannu ya yi sauƙi a kusurwoyi, domin a nan fatar ta fi siranta. Wannan aikin kwana biyu ne ko uku, kuma shi ne mafi araha.

Idan akwai tsaga, rami ko bororo

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fentin da aka shafa a kan tsaga ba ya rufe ta. Ɓoye ta yake yi na 'yan watanni. Kafin a taɓa samfefa, a goge jikin da asiton ko sinadarin cire maiƙo, ana sauya tsumma, domin gurza a kan kaki ko man inji tura shi ciki take yi, daga baya fenti ya ƙi kamawa.

Ƙananan tsaga a buɗe su da bakin ƙarfe mai tsini har a kai wuri mai lafiya. Bororo a gurje shi gaba ɗaya, a riƙa wanke ramin da ruwa mai tsabta a kai a kai don fitar da tsamin, a bar shi ya bushe. Bushewar kan ɗauki makonni. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a manna farar leda a wurin da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In an wayi gari da raɓa a cikinta, da saura. Shi ya sa hunturu ya fi dacewa da wannan mataki.

Inda zaren kansa ya karye, sai an yi faci na gaske. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a gurje gefen ramin ya yi gangare mai faɗin da ya ninka kaurin jikin sau 12. Jiki mai kaurin milimita 5 yana bukatar gangaren santimita 6 ta kowane ɓangare. A yanka ƙyallen zaren gilashi gida-gida, kowane ya ɗan bambanta da na ƙarƙashinsa a girma, a jiƙa su da rezin ɗaya bayan ɗaya, ana bi da ƙaramar rola don korar iska. Facin da ya jiƙu daidai yana zama garau. Farin tabo a cikinsa iska ce ko busasshen zare, kuma nan ne zai fara karyewa.

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta ita ce mai araha, da ita aka yi yawancin jiragen. Ifoksi ta fi tsada, amma ta fi kama tsohon jiki, ta kuma fi tare ruwa. Ifoksi tana zama a kan foliyesta lafiya lau. Foliyesta ko jelkot a kan ifoksi kuwa ba su cika riƙewa ba. Tabarmar zare mai yankakkun gashi an yi ta ne don foliyesta, ita kuwa ifoksi saƙaƙƙen ƙyalle ya fi dacewa da ita. Filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita tana shan ruwa, saboda haka ba ta da gurbi a sashen da ke zama cikin ruwa. Araha ba ta ado.

Awo da zafin rana

Foliyesta ba ta daskarewa sai an ɗiga mata wani ruwa da ake rubuta MEKP a kwalbarsa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo. A auna da sirinji, kada a yi kintace. A zafin bazara na Lokoja ko Yawuri, haɗin kan fara kamewa cikin kusan minti goma, don haka a dama kaɗan-kaɗan, a yi aiki da sassafe ko da yamma a inuwa. Ragowar da aka bari a kofi tana ɗaukar zafi har ta yi hayaƙi. A ajiye ta a fili, nesa da tsummoki da fetur. Ifoksi kuma tana da nata awon da kamfani ya rubuta, ba a ƙara mata ko a rage don a hanzarta ta. Rezin yana lalacewa in ya daɗe a ajiye, musamman a shago mai zafi, saboda haka a gwada ɗan kaɗan kafin a shafa a jirgi.

Wani sirri da ke rikita sabon hannu shi ne saman jelkot ba ya bushewa sarai idan iska na taɓa shi. Shafin ƙarshe sai an haɗa shi da sinadarin kaki, ko a rufe shi da leda har ya kame.

Fenti

Sake shafa jelkot a dukkan jiki aiki ne mai cin gurza. Ga mai aiki a gida, fenti ya fi sauƙi. A daidaita jikin da samfefa lamba 80, a bi da 120 zuwa 220, a shafa fentin share fage na ifoksi, a sake bi da 320. Sashen da ke sama da ruwa ya fi daɗewa da fentin foliyuretan mai haɗi biyu. Mutum biyu ke yin sa: ɗaya na shimfiɗawa da rola, ɗaya na bin sa nan take da bakin burushi yana kwantar da kumfa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Kada a fesa irin wannan fenti a gida, domin tururinsa na lahanta huhu, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi.

Ƙasan jirgi kuwa shafin ifoksi da yawa yake so, su zama katanga tsakaninsa da ruwa. Jirgin da ake fitarwa gaɓa bayan aiki ba lallai ne ya bukaci fentin hana gansakuka ba. Wanda zai saya ya duba gwangwanin: an haramta masu sinadarin TBT a ƙarƙashin yarjejeniyar Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya da ta fara aiki a 2008, saboda gubar da suke zubawa a ruwa.

Hunturun da ya taimaka wajen busarwa shi ne abokin gabar fenti. A kewaye rumfar da tamfol, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a zaɓi ranar da iska ta lafa.

Lafiyar mai aiki da ta kogi

Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana kuma shiga huhu. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu, riga mai dogon hannu da takunkumi mai matatar sinadari wajibi ne. Ɗigon MEKP a ido na iya makantarwa; a ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa, in tsautsayi ya faru a wanke idon na tsawon lokaci a garzaya asibiti. Asiton yana kama wuta nan da nan, don haka babu taba, babu janareto a kusa. Yara su yi nisa. Kada kuma a yi gurza a bakin kogi: a shimfiɗa leda a tattara ƙurar, domin ruwan da za ta faɗa shi mutane ke sha, a cikinsa masunta ke kamun kifi.

Inda aikin gida ya tsaya

Bayan fenti ya yi kamar mako guda yana ƙarfi, a saka jirgin a ruwa marar zurfi, a ɗora masa buhunan yashi, a bar shi sa'o'i ana duba ko akwai yoyo. Ruɓaɓɓen bangon baya, tsagar da ta bi tsawon gindi, ko daɓen da ya rabu da haƙarƙarin jirgi, aikin ƙwararren maƙerin jirgi ne. Duk jirgin da zai ɗauki fasinja kuma, ko da mai shi ya gamsu da aikinsa, ya kai shi jami'an NIWA su duba su yi masa rajista, ya rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, ya tanadi rigar kariya ga kowane ɗayansu, ya kuma ɗaure shi a gaɓa kafin duhu ya yi.

Ofisoshin da ke sayen jirage suna rabawa su ma suna da abin yi. Kasafin da ya ɗauki kuɗin jirgi zai iya ɗaukar kuɗin horar da matasa biyu ko uku a kowace tashar ruwa, da akwatin rezin da zare da samfefa da zai bi kowane jirgi zuwa garin da aka kai shi.